Zanzibar: Tsibirin Kanumfari Da Farin Rairayi

Tafiyar kamar awa 2 ce a jirgin ruwa daga Darussalam zuwa Zanzibar, tsibirin da ya haɗu da Tanganyika a 1964 aka sami ƙasar Tanzaniya. A da kanumfari ne arzikin mutanensa. Yau kuwa baƙi ne, masu zuwa shan iska a bakin teku, musamman daga watan Yuni zuwa Oktoba bayan ruwa ya ɗauke.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Manyan otal-otal suna kwashe ruwan sha, alhali matan ƙauye suna jiran layi a bakin rijiya. Kuma galibin mazauna tsibirin Musulmi ne, saboda haka hukuma tana roƙon baƙo ya tsimi ruwa, ya kuma suturta jikinsa in ya bar gaɓa zai shiga gari.