Wa Ke Tada Waya Idan An Kashe Ta?

Mun san ɗalibai a Samaru da kan saita ƙararrawa ƙarfe 5, su kashe 'yar Nokia don tattalin caji, amma da asuba ta kaɗa. Ta yaya?

A cikinta akwai ɗan agogon da ba ya barci, ƙwayar kiristal ɗinsa na girgiza sau 32,768 a sakan ɗaya. Wata manhaja, direba, ita ke rubuta masa lokacin da muka zaɓa. Da lokacin ya yi, sai agogon ya zunguri ƙwaƙwalwar wayar ta farka, ƙararrawa ta tashi.

Amma fa ba kowace Android ke yin haka ba. Kafin mu biya kuɗi a Sabon Gari, mu gwada, kada mu makara ranar jarrabawa.