Saƙon wake da fiya-fiya: gaskiyarsa da ƙaryarsa

Wani dogon saƙo na shawarwarin cefane yana yawo a zaurukan WhatsApp na Maiduguri, daga na dangi zuwa na matan unguwa. Yakan ƙara ƙarfi da kaka, lokacin da sabon wake ke shigowa Kasuwar Monday da ta Gamboru da ta Muna. Babu sunan wanda ya rubuta shi, sai umarnin a tura wa wasu don Allah. Abubuwa uku ya ƙunsa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Biyu daga ciki ba sa buƙatar dogon bayani. Batun shinkafar roba ya ƙara ƙarfi ne bayan jami'an kwastam sun kama buhu 102 a Legas a watan Disamba na 2016, kuma gwajin hukumar NAFDAC ya nuna ba roba ba ce, shinkafa ce da ƙwayoyin cuta suka gurɓata. Zancen cewa ƙwayar farasitamol mai lambar P-500 tana ɗauke da cutar Machupo tsohuwar ƙarya ce da ta zaga ƙasashe da dama ba tare da an ga mutum ko ɗaya da ya kamu ta wannan hanya ba.

Na ukun shi ne mai haɗari. Saƙon yana cewa mai hikima ya sayi wake da yawa tun yana da araha, ya yayyafa masa Sniper ko fiya-fiya kaɗan, ya ɗaure buhu. Ranar dahuwa a wanke da ruwan zafi, guba ta tafi. Ya ƙara da cewa in wani ya sha maganin bisa kuskure, a ɗura masa manja ko madara.

Farkon maganar gaskiya ne, shi ya sa ƙarshenta ke shiga kunne. Wake ya fi sauƙi da kaka, ya fi tsada da damina. Ƙwaron wake kuwa tun daga gona yake biyo shi, ya yi ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsar ta ci cikinta ta zama ƙwaro ta fito, cikin 'yan watanni buhu ya koma huji da gari. Magidancin da ya tara kuɗin buhu guda da ƙyar, a garin da ya sha rikici sannan ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba na 2024 ta cinye dukiyar jama'a, ba za a zarge shi ba don ya nemi abin da zai kare abincin iyalinsa. Zargi yana kan wanda ya zauna ya rubuta wannan shawara kamar masani, ya sake ta cikin gidajen da ke da ƙananan yara, bai tambayi likita ko malamin gona ko ɗaya ba.

Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dichlorvos, ana kuma rubuta shi DDVP, shi ne kuma aka fi haɗa fiya-fiya da shi. An yi shi ne don kashe ƙwari, ta hanyar hana aikin wani sinadari da ke daidaita saƙonnin jijiya. Jikin mutum ma da irin wannan sinadari yake aiki. Wanda gubar ta kama yakan yi ta zubar da yawu da gumi, ga amai da gudawa, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya yi wuya, in abin ya yi tsanani ya kai ga jijjiga da mutuwa. Ba ta baki kaɗai take shiga ba. Tana ratsa fata, ana kuma shaƙarta, don haka mai zubawa da hannu da wanda ke kwana ɗaki ɗaya da buhun duk suna cikin haɗari.

Wanki da dahuwa suna rage ragowar maganin, wannan ba a musunsa. Amma ragewa daban, kawarwa daban. Babu uwargidan da za ta iya sanin yawan abin da aka zuba, ko nawa ya ratsa cikin ƙwayar, ko nawa ya rage bayan tafasa, kuma rashin jin wari ba shaida ba ne. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda dichlorvos: iyakarta miligiram 0.01 ne a kilo, an kuwa sami wanda ya kai 4.6. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Dangane da cutar daji, matsayin hukumar binciken cutar daji ta duniya shi ne sinadarin yana iya yiwuwa ya haddasa ta. Ba ta ce ya tabbata ba. Gubarsa ta nan take kuwa tabbatacciya ce.

Maganar manja da madara ita ce mafi muni a saƙon. Ba sa karya wannan guba. Ɗura wa wanda ke amai ko ya fita hayyacinsa yana iya tura ruwan cikin huhu, ga ɓata lokacin da ya kamata a ce an isa asibiti. Abin yi shi ne a cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar don likita ya gani. Akwai allurar da ake yi wa irin wannan guba, atropine, kuma a asibiti ake yin ta.

Ana iya adana wake ba tare da ɗigon magani ba, domin ƙwaron ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga. Buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta ita kaɗai, sannan a ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera. Huji ɗaya yana ɓata aikin, haka ma yawan buɗewa. Jarka mai tsabta da ba ta taɓa ɗaukar fetur ko magani ba, in aka cika ta har wuya aka rufe gam, ita ma tana yi, kuma ta fi dacewa da gidan da ke sayen kwano biyar ko goma.

A wajen saye, ido kaɗai ba ya rabe waken da aka sa wa magani. Rashin ƙwari ba ya nufin an zuba guba, tunda waken PICS ma haka yake fitowa sumul. Ganin ƙwari kuma ba ya wanke wake, don ana iya zuba maganin bayan sun riga sun shiga. Waken da ke warin magani, ko yake da maiƙo ko baƙuwar ƙura a jiki, a bar shi. Saura kuwa sai a tambayi mai sayarwa da me ya adana, kuma a fi son sabon wake da kaka, wanda mai gida zai adana da hannunsa.