Tafintar Kurame A Amurka: Yadda Ake Koyon Aikin Da Yadda Ake Biya

Yau filin namu zai leƙa ƙasar Amurka ne, domin mu ga wata sana'a wadda mata suka fi yawa a cikinta, watau aikin tafinta tsakanin kurame da masu ji. Na tabbata kin taɓa ganin irinsu a talabijin, can a gefe guda, mai karanta labari yana magana su kuwa suna ta juya hannu. Abin da ba a nuna miki ba shi ne yadda mace take zama tafinta, da yadda ake kiranta aiki, da kuma wanda yake biyanta.

Da farko ki sani maganar hannu harshe ne sosai, da nahawunsa da ƙa'idodinsa. Wani malami a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke birnin Washinton, mai suna William Stokoe, shi ya bayyana wa masana haka a shekarar 1960. Kuma ba iri ɗaya ba ce a duniya. Kurman Amurka da na Ingila ba sa gane hannun juna, ko da yake masu jin ƙasashen biyu duk Turanci suke yi.

A da can, 'ya'yan kurame da malamansu da ma'aikatan coci su ne suke yin tafintan nan don Allah, ba ko kwabo. Sai a shekarar 1964 aka yi taro a garin Muncie na jihar Indiyana, aka kafa ƙungiyar rajistar tafintocin kurame, wadda ake kira RID a taƙaice. A 1972 ta fara yi wa mutane jarrabawa tana ba da satifiket. Tun daga 2012 kuwa, mai ji ba ta zama jarrabawar gwajin aiki sai tana da digiri na farko, ko wani ilmi da ƙungiyar ta yarda ya yi daidai da shi. Ana gwada abin da ta sani game da kurame da al'adunsu da ladubban aiki, sa'an nan a ɗauki hotonta na bidiyo tana fassara, masu maki su duba. Bayan ta ci ma ba ta huta ba, gama cikin kowace shekara 4 sai ta yi ƙarin karatu na awa 80, in ba haka ba satifiket ɗin ya mutu. Waɗansu jihohi kuma sai da lasin nasu na dabam.

Kada ki ce tsananin ya yi yawa. Ran 10 ga Disamba 1913 ba a yi talabijin ba, amma ran 10 ga Disamba 2013 duniya duka ta ga abin kunya a taron juyayin rasuwar Nelson Mandela a Afirka ta Kudu. Wani mutum ya tsaya kusa da shugabannin ƙasashe yana ta kaɗa hannu, masu ji suna zaton aiki yake yi, kurame kuwa suka ce ba su tsinci kome ba a ciki. To, wannan taro ne, an yi fushi an wuce. Ki ƙaddara a ɗakin likita ne, ana gaya wa mace mai ciki ƙwaya nawa za ta sha, ko a gaban alƙali ana karanta wa mutum laifin da ake tuhumarsa da shi.

Cikin ƙa'idodin aikin guda 7, ta farko ita ce riƙon asiri. Abin da tafinta ta gani a asibiti da safe ba ta kai shi gida da yamma, ko ga mijinta. Ba ta ƙari, ba ta ragi, ba ta kuma ba da shawararta. In likita ya yi magana mai zafi, da zafinta za ta isar. A ganina wannan ya fi jarrabawar wuya, don mu mata mun san daɗin "kin ji abin da ya faru?"

Da yawa daga cikin tafintocin nan ba ma'aikatan kowa ba ne, gashin kansu suke ci. Yau tana asibiti, gobe makaranta, jibi wurin ɗaukar ma'aikata ko ɗaurin aure. Wani lokaci mai bukata ya kira ta kai tsaye, wani lokaci ta hannun kamfanin dillanci, wanda yake cire la'adarsa. Kafin ta amsa sai ta tambayi rana da lokaci da wuri, da abin da za a tattauna, da irin maganar hannun da kurman ya saba da ita. In ta ga aikin ya fi ƙarfinta, kamar shari'a alhali ba ta koyi kalmomin kotu ba, ƙa'ida ta ce ta ƙi. Haka kuma in mai shari'ar danginta ne. Ko tufafi ma da dokarsa: riga marar zane, mai launin da ya saɓa da fatarta, don hannu ya fito sosai. Atamfa mai furanni da warwaro sai ranar biki.

In aikin zai yi tsawo, ko yana da nauyi, tafinta biyu ake ɗauka, suna karɓeɓeniya bayan kamar minti 20. Dalili kuwa, kunne yana saurare, ƙwaƙwalwa tana juyawa, hannu yana aiki, duk a lokaci guda, kuma in gajiya ta zo kuskure yakan shigo ba tare da mai yin ta sani ba. Ciwon wuyan hannu da na kafaɗa ya raba waɗansu da sana'ar ɗungum. Wadda take hutu ma ba barci take ba, tana lura, in 'yar'uwarta ta tsallake lamba ko suna sai ta nuna mata.

Sai batun kuɗi, kuma nan nake so masu ɗinki da kitso da lalle su buɗe kunne. Da awa ake biyan tafinta, amma bisa al'ada mafi ƙanƙancin abin da take karɓa shi ne ladan awa 2, ko da ganin likitan minti 15 ya ɗauka. Mu ɗauka, don misali kawai, ladanta dala 50 ne a awa: to dala 100 za ta rubuta. Ba zalunci ba ne. Ta yi shiri, ta yi tafiya, ta kuma mayar da wani aikin da ya zo mata a wannan safiya. Haka nan in aka fasa aiki ba a sanar da ita da wuri ba, yawanci kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, cikakken lada za a biya ta. In ta je kurman ko likitan bai zo ba, ta jira gwargwadon abin da aka yi yarjejeniya, ta tafi, kuɗinta yana nan. Aikin dare da na ƙarshen mako da na gaggawa sun fi tsada, wuri mai nisa kuma da kuɗin mota. Duk wannan a rubuce yake tun kafin a fara. Sau nawa mai kitso a unguwarku ta share yini tana jiran amaryar da ba ta zo ba, ta tashi da "yi haƙuri" kawai?

Bayan aiki sai ta aika da takardar neman biya, mai ɗauke da rana da wuri da yawan awoyi da jimla. Sau da yawa sai ta jira kwana 30 kafin kuɗin ya fito, wani lokaci sai da tuni. Ba ta da fansho daga kowa, ranar da ta kwanta ciwo ba lada, harajinta kuma ita za ta lissafa ta biya kashi huɗu a shekara. Wadda ba ta riƙe littafin lissafi ba, sai ta yi ta aiki ba ta ga riba ba.

Wa yake biya? Ba kurman ba ne. Dokar kare haƙƙin naƙasassu wadda Shugaba George Bush babba ya sa wa hannu a 1990 ta ɗora nauyin a kan asibitin ko ofishin, kuma ba su da ikon ƙara wa kurman kuɗi saboda haka. Ƙa'idodin da aka sabunta a 2010 sun hana a sa ƙaramin yaro ya yi wa iyayensa tafinta, sai cikin gaggawa ta ceton rai in babu kowa. Wannan ya burge ni ƙwarai. Yarinya 'yar shekara 10 ba ta kamata ta bar aji don ta je ta gaya wa uwarta sakamakon awon ciki ba, uwar ma akwai abin da kunya ba za ta bar ta ta faɗa a gaban 'yarta ba.

Mu ma muna da hannu a labarin. Wani kurma baƙar fatar Amurka, Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, shi ya sa maganar hannun makarantunmu ta yi kama da ta Amurka. Ban da ita kuma akwai maganar hannu ta Hausawa, wadda kuramen Kano suke yi tun kaka da kakanni. Saboda haka tafintar da za ta amfani mutanenmu sai ta iya duka biyu, gama tsohuwar da ba ta shiga Tudun Maliki ba ba za ta gane hannun boko ba. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, amma doka ba ta fassara, sai an sami mai yi.

Ke 'yar makaranta da abin ya ba ki sha'awa, ki dage da Turanci da Hausa, don wadda ba ta fahimci magana ba ba ta iya juya ta. Akwai kwalejin horon malamai ta ilmin musamman a Oyo, akwai kuma sashen ilmin musamman a Jami'ar Jos. Kafin nan ki nemi iznin iyayenki ki riƙa zama da kurame mata na unguwarku, ki koya daga hannunsu. In sun saba da ke za su raɗa miki suna na hannu, watakila daga wushiryarki ko yadda kike ɗaura kallabi. Ba ke za ki zaɓa ba, su ne za su ba ki.