Kafin Ka Biya Kuɗin Lesin Ɗin JAMB Na Intanet

Da zarar JAMB ta fara sayar da fom a farkon shekara, sai tallace-tallace su cika waya. Ka buɗe Facebook, ka ga wani matashi tsaye gaban allo yana rantsuwa ɗalibansa ba sa cin ƙasa da 300. Ka leƙa WhatsApp, ka tarar an jefa ka wani zaure da ba ka nema ba, ana shelar cewa gurbi ashirin kacal ya rage. Ni da nake koyar da Kemistiri a wata sakandare a Kano, wannan ne lokacin da iyaye suka fi tare ni, a ƙofar masallaci ko a wurin ɗaurin aure, kuma tambayar ba ta canzawa: "Malam, wanne zan biya wa yaron nan?"

Ba na saurin kama suna. Nakan fara tambayar uban ko ya san yadda jarrabawar take a yau, domin da yawa daga cikinmu da fensir da takarda muka rubuta tamu. An kafa hukumar a 1978, a 2010 aka haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta kwalejoji ta zama UTME guda ɗaya, daga 2015 kuma aka koma kwamfuta zalla. Darussa huɗu yaro zai amsa: Turanci, wanda dole ne a kan kowa, tambaya 60, sai sauran ukun 40-40. Tambaya 180 ke nan cikin awa biyu. In ka yi lissafi, daƙiƙa 40 ce rabon kowace tambaya, har da lokacin karanta ta. Maki 400 ne gaba ɗaya, kuma a 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Gaskiya ne a wannan shekarar an sami tangarɗar na'ura a cibiyoyin Legas da Kudu maso Gabas, har shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya ba da haƙuri aka sake wa kusan mutum 380,000 jarrabawa. Amma ko an cire wannan, yawancin yara ƙasa da rabin maki suke ci. A kan wannan tsoron masu talla suke kafa kasuwarsu.

Abin da ake kira lesin ɗin intanet ba abu ɗaya ba ne. Akwai manhajojin da ke ɗauke da bidiyon darussa da aka riga aka naɗa, irin su uLesson da Sim Shagaya ya kafa a 2019. Akwai waɗanda aikinsu tara tambayoyin shekarun baya ne su jera su yadda JAMB ke jerawa, irin su TestDriller da Myschool. Sai malamin da ke koyarwa kai tsaye ta Zoom ko Telegram ko WhatsApp, ga kuma YouTube da ke cike da darussa kyauta. Kowanne da ciwon da yake magani. Yaron da aka wuce shi a aji tun SS1, bai taɓa gane abin da ake nufi da "mole" ba, in ka ba shi tambaya dubu biyar haddar amsoshi kawai zai yi. Wanda ya san karatun amma lokaci ke ƙure masa, bidiyo zai ƙara ɓata masa lokaci ne. Saboda haka kafin a zo batun wanne, a zaunar da yaron ya amsa jarrabawar shekara guda cif, da agogo a gabansa, a ga inda yake zubewa.

Ga gwajin da nake yi wa kowace manhaja in an miƙo mini waya, kuma uban da bai san Kemistiri ba ma zai iya yin sa. Kusan duk na kirki suna ba da damar gwaji kyauta. Ka shiga, ka zaɓi tambaya, ka danna amsar da ka san kuskure ce da gangan, ka ga abin da za ta ce maka. Misali a tambaye ka "mole" nawa ne cikin giram 36 na ruwa. Wata manhajar za ta haska ja, ta ce amsar B ce, ta wuce. Wata kuwa za ta tsaya ta nuna maka cewa nauyin ruwa 18 ne, domin haidurojin biyu da oksijin ɗaya mai 16, sannan 36 a raba da 18 ya ba da 2. Ta farkon ta gaya wa yaro ya faɗi, abin da shi ma ya riga ya sani. Ta biyun ce ta koyar da shi, domin gobe in aka canza 36 zuwa 54 zai iya. A wurina nan ne kuɗin yake halatta ko ya haramta. Kyan zane, da kiɗan da ke tashi in an ci tambaya, da hoton ɗaliban da aka ce sun ci 320, duk ado ne.

Akwai wata matsalar da ba a cika faɗa ba. Ƙananan manhajoji da yawa, waɗanda ba ka san ko su wane ne masu su ba, kwafar tambayoyi suke yi daga juna, har da kurakuran. Wata ɗalibata ta taɓa zuwa tana musu da ni a kan wata tambaya, ta ce waya ta ce amsar C ce. Muka warware ta a allo sahu-sahu, amsar ta fito D ƙarara. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Malam, sauran fa da na haddace?" Shi ya sa nake cewa a kai wa malamin darasin wayar, ya duba tambaya goma ko ashirin. Minti goma sha biyar ya ishe shi ya gane ko masu abin sun san aikinsu.

Turanci kuwa, a nan yaranmu suka fi shan kashi, kuma a nan iyaye suka fi yin sakaci. Kowa hankalinsa na kan Fiziks da Lissafi, alhali Turanci ne mai tambaya mafi yawa, kuma da shi ake tambayar sauran. Na sha ganin yaro ya san amsa sarai, amma idonsa ya tsallake kalmar "except" ko "not" a ƙarshen tambaya, ya zaɓi kishiyar abin da ake nema. Wannan ba rashin sanin Kemistiri ba ne. Akwai kuma ɓangaren furuci, inda ake tambayar wace kalma ce ke da sauti irin na wata, ko a wace gaɓa ake danna murya. Bahaushen da ya tashi yana musanya "p" da "f", littafi ba zai fitar da shi ba, sai ya ji da kunnensa. A nan kam na yarda intanet ta fi allon aji, matuƙar darasin na da murya, kuma yaro na iya mayar da shi baya ya sake saurare sau goma ba tare da kowa ya yi masa dariya ba. In aka sami malamin da ke iya saka Hausa ya warware wuri mai wuya sannan ya koma Turanci, wannan riba ce. Amma wanda ke yin darasin duka da Hausa daga farko har ƙarshe, daɗin saurare kawai yake sayarwa, domin ranar jarrabawa ba mai fassara wa yaro. Sai fa in Hausar ce darasin, tunda tana cikin waɗanda JAMB ke jarrabawa, ita da Larabci da Addinin Musulunci.

Duba littafin da ake karantawa ma hanya ce mai sauƙi ta gane manhajar da aka yi watsi da ita. JAMB na sa wa kowa wani littafin labari da ake ciro tambayoyi daga ciki, kuma tana canza shi. Daga 2021 zuwa 2024 "The Life Changer" na Khadija Abubakar Jalli ne, a 2025 aka koma "The Lekki Headmaster" na Kabir Alabi Garba. Ka tambayi yaron wanne aka ba shi wurin rajista a bana, ka duba ko shi ne a cikin manhajar. In tsohon ka tarar, ka san sauran kayan ma sun kwana biyu.

Waya daban, kwamfuta daban, wannan ma sai an kula. A wayar yaro da babban yatsa yake dangwalawa yana kishingiɗe. A zauren jarrabawa zai tarar da allo babba, da linzami, da madannai, da agogo na sauka a kusurwa, ga mutum sama da ɗari biyu kowa na ƙwanƙwasa nasa. Na taɓa kai ɗalibai wani shagon kwamfuta don atisaye, na ga yarinya, haziƙa ce a aji, ta ɗaga linzamin sama tana juya shi a iska tana mamakin me ya sa kibiyar ba ta motsi. Ba laifinta ba ne, ba ta taɓa riƙe shi ba. JAMB ta sauƙaƙa abin: ana iya danna A, B, C ko D don amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa, ba sai an taɓa linzami ba. Akwai ma na'urar lissafi a kan allon, tunda ba a shiga da ta hannu, haka ma waya da agogo. Amma duk wannan sai wanda ya saba. Ko wane lesin aka biya, a ware ɗan kuɗi yaro ya riƙa zama gaban kwamfuta ta gaske ko sau ɗaya ne a mako, kuma a yi masa rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin babbar.

Batun data ba sai na tsawaita ba, kowa na ji a jikinsa, musamman tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Darasin kai tsaye na bidiyo cin data yake kamar me, kuma in sabis ya yanke ko caji ya ƙare, darasin ya wuce. A tambaya: ana iya sauke darussan a kalla ba tare da intanet ba? Ana naɗar na kai tsaye don wanda ya rasa? Mutum nawa ne a ajin? Zauren da ke da ɗalibi ɗari biyar da malami ɗaya wa'azi ne, ba mai amsa wa ɗanka tambaya. A kuma duba lokacin, kada ya ci karo da Islamiyya, ko da buɗa-baki da asham, tunda a 'yan shekarun nan shirin JAMB na faɗowa daidai da azumi.

Iyaye da yawa sun fi son na intanet ga 'ya mace, don ba sai ta fita da yamma ta dawo bayan magariba ba. Na fahimci wannan. Sai dai wayar ma ƙofa ce. A san sunan malamin da inda yake koyarwa, uwa ko yaya ta shiga zauren ita ma, kuma a yi karatun a falo. Malamin da ya bar zaure ya koma turo wa ɗaliba saƙo ita kaɗai da tsakar dare, ba sai an jira bayani ba.

Sai 'yan damfara, waɗanda su ne suka fi kowa iya talla. Alamarsu alkawari: za su turo tambayoyin da za su fito daren jarrabawa, ko za su ɗaga makin bayan sakamako ya fito. Malamin gaskiya ba ya yi maka alkawarin maki, domin ba shi zai zauna ba. A 2023 ƙasar nan ta ɗauki ɗumi kan wata ɗaliba a jihar Anambra da ta nuna takarda mai maki 362, har aka fara yi mata kyaututtuka, daga baya bincike ya tabbatar 249 ta ci, aka dakatar da ita shekara uku. Makin gaskiya yana rumbun hukumar, kuma daga can jami'o'i ke ɗauka ta tsarin CAPS, ba daga takardar da wani ya buga maka ba. Kada kuma a ba kowane mai lesin lambar NIN ta yaro, ko lambar da ake samu ta 55019, ko layin wayar da aka yi rajista da shi. Koyarwa ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

Wani abin takaicin shi ne yaron da ya ci maki mai kyau amma da darussan da ba su dace da kwas ɗinsa ba. Likitanci na son Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, injiniyanci na son Lissafi a madadin Bayoloji, lauya kuma sai da Adabin Turanci. Duk wannan, da silabas ɗin kowane darasi, suna nan kyauta a shafin IBASS na hukumar. A sauke silabas ɗin, a ɗora shi kusa da jerin darussan mai lesin, a ga ko sun yi daidai. Kuma mafi ƙarancin makin da ake sanarwa, wanda ya kasance 150 ga jami'o'i a 2025, ba shi ke ba da gurbin likitanci a BUK ko ABU ba. Ga tantancewar jami'a na jira a gaba, ga kiredit biyar na WAEC ko NECO har da Turanci, da Lissafi in kwas ɗin na buƙata.

Wajen biya, kada a yi cinikin biri a sama. Za a ce maka na shekara ya fi araha. Ka biya na wata ɗaya tukuna. Bayan mako uku ka karɓi wayar, ka buɗe wurin da ke nuna tarihin atisaye, ka ga sau nawa ya shiga da abin da yake ci. In ya fara da 15 cikin 40 a Fiziks ya koma 22, ka sabunta. In yana shiga kullum amma makin na nan inda yake, ka tsayar da biyan, ka nemo masa malamin Fiziks da zai zauna da shi da takarda da biro. In kuwa ka tarar sau biyu ya shiga a mako ukun, datar ta tafi TikTok, sai ku zauna da shi da mahaifiyarsa a yi magana kafin a sake kashe ko sisi.