Hattara da ƙuri'ar jin ra'ayi ta wayar hannu

Jama'a, a yi hattara. Ƙuri'un jin ra'ayi sun cika Facebook da WhatsApp. Wani zai tambayi mabiyansa wa za su zaɓa, kafin gari ya waye sai ka ji ana yaɗa cewa "mutanen Arewa sun yanke hukunci". Ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu su ma sun bi sahu: a tura takardar tambayoyi a zauren 'yan aji, a kira abin da ya fito ra'ayin al'umma. Idan ba a taka wa wannan birki ba, za a gina labarai da manufofi a kan ƙarya mai sanye da alƙaluma.

Ga misali: a 1936, mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo. Ta ce Alf Landon ne zai lashe zaɓen shugaban ƙasa. Da aka kaɗa ƙuri'a, Franklin Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta tsinto sunaye ne daga kundin masu tarho da rajistar masu mota, a lokacin da talauci ya yi wa jama'a katutu, kuma waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka mayar da amsa. Mai binciken jin ra'ayi George Gallup, da samfurin da bai kai ko kusa da nata ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. A 1938 mujallar ta daina fitowa.

Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da bakin buhu, sai ya ga abin da ke tsakiya. Ƙuri'ar waya bakin buhu ce. Manomin da ba shi da data ba ya ciki, haka tsohuwa mai ƙaramar waya, haka wanda bai iya karatun boko ba.

Don haka kafin ka tura wa wani irin wannan sakamako, nemi amsar abu uku: su wa aka tambaya, ta yaya aka zaɓo su, kuma nawa ne suka ƙi amsawa. Malamai masu duba kundi, ku buƙaci jerin da aka zaɓo mutane daga cikinsa, ku tabbatar kowa na da damar shiga. 'Yan jarida, duk alƙaluman da ba su zo da wannan bayani ba, kada ku buga su.