Ungozomar En'e

Ranar sadakar bakwai ta kakata, mata suka cika tsakar gida har zaure. Da yawansu ban san su ba. Kowace ta zo sai ta ce, "Inna ce ta yanke mini cibi," ko kuma ta nuna wani magidanci mai furfura ta ce a hannun Inna ya faɗo. Shekara talatin da biyar ta yi tana aikin ungozoma a ɗakin shan magani na ƙaramin garinmu da ke ƙasar Katsina, tun zamanin En'e.

Masu rubuta tarihin kiwon lafiya a Arewa sukan lissafa ministoci da tsare-tsare. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, gidan da aka rubuta wa "ba shiga" babu malamin asibiti namiji da zai wuce zaurensa. Duk abin da hukuma ta tsara, a ƙofa yake tsayawa sai an sami mace irin Inna ta shiga da shi.

Haka aka yi a yaƙin kawar da agana da aka fara a 1967. Ma'aikata sun zo da bindigar allura, amma wa zai fito da amare da masu jego? Ita ta bi gida-gida tana nuna tabon lambar da ke damtsenta. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Nijeriya. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 sunan masu biyanta albashi ya canja, aikin bai canja ba. Da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya a 1985 ya mai da hankali kan kiwon lafiya a matakin farko, sai ga ta da kwalbar lemo da ƙaramin cokali tana koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa.

Inda na fi jinjina mata shi ne maganar wankan jego. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan masu jego da ciwon zuciya ke kawowa asibiti da kumburin jiki, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa, da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Wani ma'aikacin da sai ya ce al'adar banza ce, a daina, shi ke nan a daina sauraronsa. Inna ba ta yi haka ba, don ita ma ta yi wankan nan sau shida. Takan zauna da uwar miji ta ce, "Yaya, a sirka ruwan mana, a rage kanwar, yarinyar nan ƙafarta ta fara hawa." Ta san tsohuwar gida ce mai iko da ɗakin jego, kuma da girmamawa ake shawo kanta.

Ta riga ta yi ritaya lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Duk da haka mutanen unguwa wurinta suka zo tambaya. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta sa aka ɗiga wa jikokinta a ƙofar gida, kowa yana gani. A watan Agustan 2020, da aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, jikarta ce ta karanta mata labarin, don idonta ya riga ya yi rauni.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne fanshonta. Tsohuwa mai sanda, a ɗauke ta a mota zuwa tantancewa, ta wuni a layi don ta tabbatar tana raye.

A cikin adakarta muka sami littattafan rajista guda tara, da ajami da boko a gauraye: ranar haihuwa, sunan uwa, unguwa, namiji ko mace. Inda jaririn bai rayu ba, takan ja ɗan layi a gefe. Layukan sun yi yawa a littafin farko. A na tara sai na juya shafi huɗu kafin na ga ɗaya.