Na'urar Gano Kifi a Jirgin Haya

Wanda duk ya fita daga Gombe ya nufi gabas bisa hanyar Biu, kafin ya ci kilomita 40 zai riski madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda aka kammala a shekarar 1984 a kan kogin Gongola, wadda daga gare ta birnin yake shan ruwa, daga gare ta kuma karfasa da tarwaɗa suke isowa kasuwa. To, da yake ba kowane mai sha'awar su ne Allah Ya hore wa kwale-kwale nasa na kansa ba, sai dai ya yi haya, ya kyautu jama'a su san wani abu game da 'yar na'urar nan ta gano kifi da ake ɗauka a jaka.

Asalinta daga Japan ne, inda wasu 'yan'uwa biyu na gidan Furuno suka fara sayar da ita a 1948, kana a 1959 kamfanin Lowrance na Amurka ya fito da ƙarama mai aiki da batir. Hikimarta kuwa amsa-kuwwa ce: akwai wani ɗan kai da ake tsomawa cikin ruwa, shi ne yake aika sauti ƙasa, ya kuma saurari dawowarsa, kuma tun da yake sauti yana cin kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, to daga jinkirin dawowar na'urar take lissafa zurfi ta zana shi a allo. Kifi kuwa abin da yake tona masa asiri shi ne jakar iskar da ke cikinsa, wadda take mayar da sauti fiye da tsokarsa.

Amma fa kada a ɗora mata abin da ba ta iyawa. Ba ta bambanta giwan ruwa da kurungu, tarwaɗar da ta lafe cikin laka sau da yawa takan ɓuya mata, kumfar farfelar inji kuma takan rikita ta ƙwarai. A ganina babbar fa'idarta ga baƙo ita ce sanin zurfi da kwazazzabai da kututturan da ruwa ya shanye, waɗanda suke yaga koma, alhali masuncin da ya tsufa a wurin ya haddace su tun tuni, shi ya sa shawararsa ba ta faɗuwa.

Saura mas'alar haya, wadda malaman fiƙihu suke kira ijara. Jirgi amana ne a hannun mai haya, ba a ɗora masa lamuni sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare haddi, huda katako kuwa don kafa na'ura ba da iznin mai shi ba ƙetare haddi ne bayyananne. Saboda haka aka yi mata maɗamki da ake ɗaurawa a gefen jirgi a kuma kwance shi da yamma, akwai kuma mai robar mannawa, sai dai ita wannan ba ta kama katako sosai, gara mutum ya ɗaure ɗan kan nan mai aika sauti a jikin sanda, ya nutsar da shi kamar taƙi guda nesa da inji, ya kuma sa batirin cikin abin da ruwa ba ya shiga.